Baba Ashemi Mai Fenti da Bangon Ɗakin Yagana

Idan aka idar da sallar asuba a masallacinmu na unguwar Bukan Sidi a Lafia, mutane sukan tsaya gaisawa, amma Baba Ashemi hannu kawai yakan ɗaga ya wuce. Ba girman kai ba ne. Buroshinsa ne ke jiƙe a bokiti tun jiya, kuma ba ya son gashinsu ya lanƙwashe. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, saboda haka na yi shekara da shekaru ina jin abin da ke biyo baya: ƙarar ruwa a bokitin ƙarfe, bugun buroshi a gefen dakali, sannan tarin tsohon babur ɗinsa wanda ba ya tashi sai an tura. Yakan ɗaure tsani a gefe, ya ɗora jarkar ruwa da ƙaramin bokitin siminti a baya, ya ɗaga murya ya ce, "Maman Mutmainna, na fita." Matarsa Yagana ta amsa daga ciki, "Allah ya ba da sa'a, Malam."

Ba wurin aikin ranar yake fara zuwa ba. Sai ya zaga gidajen da ya yi wa gyara a makonnin baya, ya yi sallama, ya je ya ɗora bayan hannunsa a kan facin da ya yi, kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta. Idan ya ji sanyi sai ya ce, "Da saura," ya hau babur ya wuce. Ba wanda ya kira shi, wasu ma ba su farka ba.

Watan jiya Baba Ashemi ya ajiye aiki. Ba a yi masa walima ba, ba a yi jawabi ba, kuma mafi yawan mutanen da ke kwana cikin busassun ɗakuna saboda shi ba su ma ji labari ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake na san na makara.

Lafia gari ne mai ruwa. Da damina ƙasa takan sha ta ƙoshi, sai ta fara mayar da ruwan ta gindin bango. Tankin ƙasa ya tsage, ɗakin ajiyar da aka gina a gangare ya fara zufa, bangon da ya jingina da kwata ya yi baƙi. Magina ba sa son irin wannan aiki, domin ƙarami ne ga wahala. Masu fenti kuma yawancinsu ba ruwansu da siminti, su dai a ba su bango su shafa. Baba Ashemi ne ya haɗa biyun: ya tsayar da ruwa, sannan ya rufe wurin yadda ba za ka gane an taɓa shi ba.

Simintin da yake aiki da shi ba irin na buhu ba ne. A ƙananan bokitai ake sayar da shi, ana ce masa simintin toshe ruwa, kuma yana kamawa nan take ko da ruwa na kwarara a kansa. Baba yakan fara faɗaɗa tsagar da kurfi da guduma, cikinta ya fi bakinta faɗi, don abin da zai cusa ya sami wurin riƙewa. Sai ya kwaɓa ɗan kaɗan, daidai cikin tafin hannu, ya dunƙula, ya riƙe yana jira. Da zarar ya ji curin ya fara ɗumi, sai ya danna shi a bakin ruwan, ya jingina da dukan nauyinsa. A lokacin nan ba ya motsi, ba ya amsa gaisuwa, har sai ruwan ya yi shiru.

A nan ne rigima kan fara. Mai gida ya ga ruwa ya tsaya, sai ya ce, "To Baba, gobe sai fenti." Shi kuma ya girgiza kai. Sabon simintin nan, in ji shi, yana da zafi irin na kanwa, kuma yana cin fenti ta ƙasa har ya kumbura ya ɓare. Dole a bar shi kusan wata guda. A kwanakin farko yakan zo ya yayyafa masa ruwa don kada ya tsage, daga baya ya bar shi ya bushe ya amayar da farin gishirin da ke cikinsa. Sai ya kankare gishirin da buroshin waya, ya wanke, ya sake jira. Wani lokaci yakan manna leda a wurin ya dawo washegari, idan ya ga raɓa a cikinta, ba zance. Idan ta fito a bushe, sai ya shafa fentin farko, wanda suke kira firama, irin wanda zafin siminti ba ya ci. Bayan shi ma ya bushe ne ake maganar launi.

Hajiya Zuwairatu, mai sayen riɗi da agushi a hannun manoma, ita ta ba ni labarin nata da bakinta. Wata safiya ta buɗe ɗakin ajiyarta kusa da kasuwa, ta tarar ruwa yana tsartuwa daga kusurwa kamar an huda jarka, buhunan ƙasa har sun fara tsotsa. Aka kira Baba. Ta ce bai ko kalli tsagar ba da farko. Tuɓe riga ya yi ya kama buhuna tare da 'yan dako har aka kwashe su, sannan ya durƙusa cikin ruwan. Kafin azahar ɗakin ya daina yoyo.

Matsalar ita ce tana da baƙi masu sayen kaya da za su zo daga Legas a ƙarshen mako, ga faci baƙi ƙirin a bango.

Ta ce masa, "Baba, ka shafa min ko hawa ɗaya ne. In sun tafi sai ka kankare."

Ya ce, "Hajiya, zan iya shafawa yau, baƙinki kuma su yaba. Amma bangon zai yi musu ƙarya, kuma ni na sa shi. Ki nuna musu facin. Mai sayen riɗi busasshen ɗaki yake nema."

Ta ce ta yi fushi sosai ranar, har ta ce masa ya fi ta taurin kai. Amma ta bari. Ya dawo bayan wata guda ya yi firama ya yi fenti, kuma har yau fentin nan ne a ɗakin, sai dai ya dushe. Da ta gama ba ni labarin sai ta ce, "Ka san abin da ke damuna, Malam Kalilu? Duk shekarun nan in na gan shi a hanya, sai dai in ce, sannu Baba mai fenti. Sai bana na san sunansa Ashemi."

Ba kowa ne ya yi haƙurin Hajiya ba. Da yawa sun sallame shi bayan ya toshe ruwan, suka kira wanda zai shafa musu a ranar. Wasu fentinsu ya kumbura kafin damina ta zagayo. Wasu kuma nasu ya zauna lafiya, domin ba kowace gaggawa ce take fallasa mai ita ba, kuma waɗannan su ne suka riƙa yaɗa cewa tsohon nan jan lokaci gare shi. Ya sha rasa manyan ayyuka a kan haka. Ban taɓa jin ya zagi wanda ya karɓe masa aiki ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Allah ya sa ya riƙe musu."

Yanzu zan zo ga abin da ya fi min wuyar rubutawa, kuma da izininsa nake rubuta shi.

'Yan shekarun baya an yi wata damina mai nauyi, ruwa ya ɓullo ta gindin bangon ɗakin Yagana, wanda ya ba kwatar layinmu baya. Baba ya toshe shi a ranar. Matata Aminat tana ɗakin lokacin, ta taya su janye gado, kuma ita ta gaya min yadda aka yi. Yagana ta tsaya tana kallon facin, sai ta ce, "Malam, tun da ka aure ni kake yi wa mutane fenti, ɗakina bai taɓa ganin rolar fenti ba. Wannan karon ka yi min duka ɗakin." Ya yi dariya ya tambaye ta wane launi. Ta ce kore take so, mai haske, irin na ganyen ayaba sabon fitowa. A makon nan ya sayo fentin da firama ya ajiye a zaure, ya ce mata ta ba bangon wata guda.

Watan bai cika ba sai ga wata mata a ƙofar gidansa da safe, ta sauko daga acaɓa. Sunanta Ngodoo, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Agyaragu. Ina zaune a dakalina na ji ta tana cewa da Hausarta ta 'yan koyo, "Baba, abeg, don Allah ka zo ka gani. Tankin mu na ƙasa ya fashe, ruwan kwata yana shiga ciki. Bangon ɗakin haihuwa duk ya yi baƙi. Mata yana naƙuda, wari yana damun su. Mun kira mutum biyu, ba su iya ba."

Baba ya juya ya kalli bokitan da ke zaure. Yagana tana tsaye a bakin ƙofar tsakar gida, ta ji komai. Ta ce, "Je ka, Malam. Masu haihuwa sun fi ni gaggawa. Ɗakina ba inda zai je."

Abin da ya yi a Agyaragu, Sista Ngodoo ce shaida. An kwashe ruwan tankin, ya sauka ciki da tsani da tsakar rana, wuri mai zafi da ƙarancin iska. Ba tsaga ɗaya ya tarar ba, ƙasan tankin ya yi kamar tafin ƙafar manomi. Ya riƙa binsu ɗaya bayan ɗaya, curi bayan curi, kwana da kwanaki. Da ta ga hannunsa yana jini sai ta jefa masa safar hannu ta asibiti. Ya sa, ya kwaɓa curi guda, ya daskare masa kafin ya danna. Sai ya cire safar ya miƙo mata ya ce, "'Yata, da wannan ba na jin ɗumin. In ban ji ɗumin ba, ban san lokaci ba." Ya ci gaba da hannu tsirara.

Daga tanki ya koma bangon ɗakin haihuwa. Ya kankare baƙin har ya kai ga bulo, ya toshe inda ruwa ke ratsowa, ya sa aka mai da gadon haihuwa wani ɗaki, ya jira lokacinsa, sannan ya yi firama da farin fenti mai wankuwa. Ngodoo ta ce ranar da aka mai da gadon, wata tsohuwa da ta rako 'yarta ta tsaya a ƙofa ta ƙi shiga, wai ta ɗauka ofishin likita ne.

Agyaragu ba nisa. Kullum yana dawowa gida kafin magariba, a gajiye, hannuwa a naɗe da ƙyalle. Kuma da labarin tankin ya bazu, sai kira ya yi yawa: wata makaranta, wani coci, gidan wani manomin doya. Kowanne da ruwansa na kwarara, kowanne ba ya jira. Damina ta wuce, aka yi girbi, rani ya shigo. Bokitan nan suna zaure har kaji suka mai da murafensu wurin kwana. Yagana ba ta sake tayar da zancen ba. Aminat ta ce labule kawai ta samu ta rataya a kan facin, saboda mata masu zuwa hira suna yawan tambaya.

Wani hantsi Yagana tana wanke shinkafa a tsakar gida sai ta faɗi. Hawan jini ne da ta daɗe tana fama da shi. Mu maƙwabta muka kai ta asibiti, ni na kira Baba a waya, yana kan tsani a wata makaranta a Agyaragu. Ya iso da fenti har gwiwar hannu. Ta buɗe ido ta gane shi, amma magana ta riga ta ɗauke. Washegari da la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an share makoki, baƙi sun watse, wata safiya ban ji ƙarar babur ba. Ƙarar buroshin waya na ji ta bayan katanga. Na zaga na yi sallama. Na same shi a ɗakin Yagana, ya fitar da kaya tsakar gida, ya cire labulen, yana kankare gishirin da ya taru a kan facin. Bai tsallake komai ba. Ya wanke, ya jira, ya shafa firama. Da ya buɗe bokitin koren, fentin ya yi fata a sama, sai da ya yaye ta ya tace sauran da ƙyalle.

Ranar da yake hawa na biyu na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa. Sai na ce, "Baba, kada ka ɗora wa kanka. Ƙa'idar aikinka ka bi. Bango ba ya son gaggawa, kai ka koya mana."

Ya sauke rolar cikin tire, bai juyo ba. Ya ce, "A'a, Malam Kalilu, kada ka ba ni wannan uzurin. Bangon nan ya bushe tun kafin a yanke shinkafa. Kullum da safe ina zagawa ina taɓa bangon mutane. Nata ne kaɗai ban taɓa ba, don na san in na taɓa zan ji ya bushe." Ya ɗauki rolar ya ci gaba. Can ya ƙara da cewa, "Yini biyu ne aikin. Yini biyu kacal."

Ɗakin ya yi kyau ƙwarai. Aminat da ta shiga ta gani sai ta fito da kuka.

Baba Ashemi na Yagana, bari in juyo gare ka. Kai ne ka tsaya cikin ruwan kwata don matan da ba ka san sunansu ba su haihu a wuri mai tsabta. Kai ne ka ƙi sa bango ya yi ƙarya, ko da gaskiyar za ta raba ka da aiki. Kai ne kuma, da aka miƙo maka uzuri a ranar da ka fi bukatarsa, ka mai da shi. Na ga mutane da yawa sun yi abin da ya fi naka nauyi sun wanke kansu da kalma ɗaya. Kai ka ƙi. Ban rubuta wannan don in tone maka ciwo ba. Na rubuta ne don mu da muka riƙa kiranka mu san inda lokacin da ka ba mu ya fito. Daga ɗakin wata aka ɗebo shi, kuma ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Ya ci gaba da aiki bayan rasuwarta, amma hannuwan sun riga sun gaji. Simintin nan ya cinye fatar tafinsa shekara da shekaru, har layukan yatsunsa suka shafe. Ya taɓa ba ni labari yana dariya cewa ya je wani wuri da ake ɗaukar hoton yatsa, na'urar ta ƙi ganinsa, ma'aikacin ya ce ko dai Baba ba shi da yatsa ne. Daga baya gaɓoɓin suka fara ƙagewa. Bara ya daina iya dunƙula hannu sosai, kuma wanda ba ya dunƙula hannu ba zai riƙe curin siminti ba. Likita ya ce masa ya bari. Ya ƙara jan wata damina, sannan ya bari.

Bai bar magaji ba, kuma wannan ma abin baƙin ciki ne. Samari sun zo sun koya a wurinsa, ba su da yawa amma sun zo. Da sun iya jan rola sai su tafi, don rola ce ke kawo aiki da sauri. Durƙuso cikin ruwa, da jiran wata guda, da komawa duba bangon da aka riga aka gama da shi, ba wanda ya ɗauka. Ba na zarginsu su kaɗai. Mu masu gidaje ne muka koya musu cewa wanda ya gama yau shi ne gwani.

'Yarsa Mutmainna, wadda ke aure a Obi tana koyarwa, ita ta zo ta ɗauke shi. Ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai yana fama da ɗaura maɓallin riga ba. Ranar tafiyar mu kaɗan ne a ƙofar gida. Ni da Aminat, da liman, da Hajiya Zuwairatu wadda ta zo da kantun riɗi a leda, ta durƙusa ta gaishe shi ta kira sunansa. Sista Ngodoo ma ta zo da doya a bayan acaɓa. Ta ce, "Baba, yara da yawa an haife shi a ɗakin nan. Ruwan tankin har yau muna sha. Amma ba wanda ya san kai ne." Ya yi murmushi ya ce, "Ai ba sai sun sani ba, 'yata. Su dai su yi rai."

Kafin ya shiga mota na gaya masa ina so in yi rubutu a kansa, na tambaye shi ko akwai abin da yake so in sa. Na ɗauka zai yi maganar firama ko ta jiran siminti. Amma sai ya ce, "Ka ce wa masu aikin hannu su riƙa komawa gida da sauran ƙarfi. Kada su ƙarar da shi duka a waje."

To, na faɗa, Baba. Mun gode. Mun gode da tankuna da ɗakunan ajiya da bangon da ba ya zufa. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannuwanka sauƙi, ya ji ƙan Yagana ya haskaka kabarinta.

Ku kuma matasa masu buroshi da rola, ku yi koyi da shi a kan gaskiyar aiki, ku kuma ji gargaɗin da ya bar muku. Mu masu kiran ma'aikata, mu tambayi sunansu, mu kuma tuna akwai wanda ke jiransu a gida. Wanda duk Baba ya taɓa tsayar masa da ruwa, Obi ba ta da nisa, kuma yana nan da ransa, yana zama a ƙofar gidan 'yarsa da hantsi. Ku je ku gaishe shi tun yana iya amsawa. Idan ya miƙo muku hannu, ku riƙe a hankali, don yana masa ciwo.